Manhajar Baba Tana Jiran Rana

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Ki ce wa ƙaramar na ga hoton giɓin nata, Allah ya maido mata da haƙorin da ya fi wanda ya fita.

Kin ce a waya ba na gaya miki komai sai "lafiya lau". Gaskiyarki. Duk lokacin da kika kira, ko ƙanenki Manaja yana kusa, ko matarsa, ko wani wanda albashinsa ke hannunsu. Shi ya sa na koma takarda.

Mun gama manhajar. Na san da zarar na fara maganar aiki hankalinki yakan tafi kasuwa, don haka zan taƙaita. Ita ce wadda Baba ya zana a bayan takardun asibiti tun farkon ciwon ƙodarsa, wadda manyan kamfanoni masu sito za su riƙa ganin abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya kusa lalacewa, da motar da ta ɗauki kaya ta tsaya shan iska a hanya. Tsohuwar manhajar da ya rubuta muna yara ita ta ciyar da mu, ta biya mana makaranta, amma yanzu ta fi shi tari. Shekara uku ni da mutanena a bene na biyu muna kan sabuwar. Masu gwaji sun jijjiga ta ta ko'ina har sun gaji, sun sa hannu. Shugabansu, mutumin da ko ruwan sha bai taɓa yabawa ba, ya dube ni ya ce ba laifi. Saura kaɗan in nemi kujera.

Abin da ya rage a sake ta. Ba wani aiki ba ne: in sa lambar sirri, in danna, kamfanoni su fara saukewa. Lambar tana hannuna, izinin yana hannun Manaja. Shi kuma ya ce a jira.

Da farko ya ce a jira kamfanoni su fara tsara kasafin kuɗin baɗi. Suka fara. Sai ya ce a jira a ga abin da abokan hamayyarmu na tsallaken titi za su fitar. Ba su fitar da komai ba sai sabon fenti a gininsu. Yanzu cewa yake kasuwa ba ta nuna ba, kamar yana latsa mangwaro. Matarsa, wadda ke riƙe da sashen talla, takan gyaɗa kai ta rubuta abin da ya faɗa a littafinta, kamar ba tare suka karya kumallo ba.

Baba kuwa an kwantar da shi a asibiti, kamar yadda kika ji. Ɗakin nasa yana kallon wurin ajiye motoci, saboda haka yakan ga isowata tun ban fito daga mota ba. Kafin in ƙarasa sallama yake tambaya, "An sake ta?" Ba ya tambayar ko na ci abinci, ba ya tambayarki, ba ya ma tambayar likita. Ranar da aka yi masa wankin ƙoda yakan dawo kamar tsumman da aka matse, amma wannan tambayar ba ta taɓa gajiya ba. Jiya ya ce mini abu ɗaya yake so ya gani da idonsa kafin ya tafi, wato wani baƙo, wanda bai san shi ba, yana aiki da ita.

Likita ya tare mu a baranda ya yi mana irin maganar nan tasu mai laushi, wadda in ka cire laushin sai ka ga watanni ne suka rage. Manaja yana tsaye ya ji. Na ɗauka washegari zai hau bene ya ce in danna. Ya hau benen, ya ce a canza labulen ɗakin taro.

Ki yi masa magana, ke ce babba. Wataƙila ke zai ji kunyarki.

Ki huta lafiya.
Taki,
Auta


Zuwa ga Autata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Mun gode Allah da ya nuna mana kin gama wannan aiki lafiya, Allah ya sa albarka. Yara suna gaishe ki, maigida ma ya ce in yi miki sannu da ƙoƙari.

Auta, wasiƙarki ta sa ni kuka a gaban injin wanki. Baban nan namu, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Amma ki yi haƙuri in gaya miki gaskiya, bakinki yana da kaifi tun kina ƙarama, kuma karatun nan da kika yi bai rage shi ba. Manaja yayanki ne. Shi ya san kasuwa, ke kin san kwamfuta, kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi. Na kira shi, ya yi mini bayani mai gamsarwa. Ban riƙe bayanin ba, amma na gamsu.

Shi kuma Baba, mene ne a ciki in kin gaya masa abin da zai faranta masa rai? Mara lafiya kamar yaro yake. Ni da ina kusa da tuni na san yadda na lallaɓa shi.

Wani abu nake so ki yi mini, kada kuma ki fassara shi da irin fassararki. Kin san hutuna sau ɗaya ne a shekara, kuma tafiyar nan ba ta mutum ya yi sau biyu ba ce. Ki samu likitan nan shi kaɗai, ki ce ya gaya miki tsakani da Allah, watannin nan nawa ne. Ba don komai ba, don in san lokacin da zan cike takardar hutu. In na zo yanzu na koma, abu ya faru ba na nan, mutane ba za su manta mini ba.

Ki gaida Baba, ki ce kullum yana cikin addu'ata. Ki riƙa cin abinci, a hoton da na gani wuyanki ya fito.

Yayarki mai ƙaunarki


Zuwa ga Shugabar Sashen Injiniyoyi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto miki duk da bene ɗaya ne a tsakaninmu, saboda duk maganar da muka fara a tsaye takan ƙare ma'aikata suna leƙe.

Na farko, ina yaba wa sashenki. Aikin ya yi kyau, kuma za a ambaci hakan a lokacin da ya dace.

Na biyu, maganar ranar saki hurumin ofishina ce. Kammala kaya daban, fitar da shi daban. Manhajar kamfanoni ba a sayenta sau biyu a shekara. In muka fito a ranar da ba a kallonmu, mun zubar da aikin shekara uku a ƙasa. Ina roƙonki ki daina tayar da maganar a taron ma'aikata, kuma ki daina kai ƙarata wurin Yaya.

Na uku, maganar Baba. Likita ya ce damuwa tana ƙara masa nauyi, kuma kowa ya san abin da ke damunsa. Kuna da kwafin gwaji, wanda kuka cika da kamfanonin ƙarya don jarraba manhajar. Ina so ki gyara sunayen su yi kama da na gaske, ki ɗora a kwamfutar hannu, ki kai masa ki ce an sake ta. Ba yaudara ba ce, jinya ce. Da ni zan kai, amma ke ya fi yarda da ke a kan abin da ya shafi na'ura.

Ki duba lafiyarki. Na lura kina rama.

Naki,
Manajan Darakta
(kuma yayanki)


Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na ga wasiƙarki. Ban tambayi likita abin da kika ce ba. In kina so ga lambarsa a bayan takardar nan, ki tambaye shi da bakinki; yana da haƙuri, ya saba jin komai.

Ki kwantar da hankalinki, na zama 'yar kirki. Na yi abin da ku biyun kuka ce.

Na zauna na raɗa wa kamfanonin gwaji sunaye masu mutunci, na ba su sito-sito da motoci da direbobi. Na kai kwamfutar asibiti, na ture fulas da kwalaben magani, na ajiye ta a kan teburin nan mai taya da ake ba shi abinci. Na ce, Baba, an sake ta. Ya sa tabarau. Ya daɗe yana bin shafukan da yatsa ɗaya, kaya suna shiga, kaya suna fita, motoci suna isa a kan lokaci. Ni kuwa na juya ina karanta takardar da aka manna a bango game da wanke hannu.

Sai ya cire tabarau ya ce, "To ina ƙorafin?"

Na ce wane ƙorafi. Ya dube ni kamar ranar da na kawo sakamakon jarrabawa da ja a lissafi. Ya ce lokacin da ya saki tsohuwar, wayar ofis ba ta huta ba sai da aka canza mata igiya. Har gida wani ya biyo shi yana zaginsa a gaban Inna, Allah ya jiƙanta. Ya ce in har mutane sun fara aiki da abu, to sun fara jin haushinsa. In ba a yi ƙorafi ba, ko dai ba a buɗe ta ba, ko ana ɓoye masa. Na ce ai suna ofis, gobe zan kawo.

Yaya, digirina biyu, ga inda suka kawo ni. Kullum da safe kafin mutanena su iso nakan zauna in zagi aikin hannuna da sunan mutanen da ba a haifa ba. Ina da wani mai kula da sito wanda ya tsani koren launi, ya ce yana sa shi jiri. Ina da wata akanta mai rubutu da manyan baƙaƙe, wadda kullum take barazanar komawa wurin na tsallaken titi. Ina da direban da ya ce manhajar tana yi masa sharri. Nakan buga su a takarda in kai masa, shi kuma ya jingina da matashi ya ce in rubuta amsa. Yana faɗa ina rubutawa. Ya rarrashi akantar, ya yi wa direban wa'azi, ya ce a rage koren. Na rage koren. A kwafin gaske ma na rage, don ya yi gaskiya.

Abin da ba zan iya yafe wa kowa ba shi ne, dabarar ta yi aiki. Yana cin abinci. Ya sa an aske masa gemu. Ma'aikaciyar jinya ta tare ni ta ce ko me nake kawo masa a jakar nan in ci gaba, ya fi allurarsu. Jiya ya tambaye ni ko akantar nan tana da aure, don yadda take faɗa ta tuna masa da Inna.

Manaja ya shigo ya same mu muna dariya, ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi irin na wanda ya biya kuɗin wasan. Har yanzu bai faɗi rana ba.

Ki gaida yara.
Auta


Zuwa ga Shugabar Sashen Injiniyoyi,

Assalamu alaikum. Ina godiya da haɗin kan da kika bayar game da Baba. Kin ga amfanin sauraro.

Akwai ƙaramin aiki da sashen talla ya nema. Ana so a ƙara shafin buɗewa a manhajar, wanda duk mai amfani da ita zai fara gani: hoton Baba, wanda ya ɗauka a ofis da farar riga, a ƙasa kuma a rubuta cewa wannan ne aikinsa na ƙarshe, an sadaukar da shi don tunawa da shi. Ki shirya ki ajiye.

Na san abin da za ki ce, saboda haka bari in riga ki. Tsofaffin abokan cinikinmu Baba suka sani, ba ni ba, ba ke ba. Rabinsu sun fara shan shayi a ofishin na tsallaken titi. In na saki manhajar yau, za su ce a turo su duba, su duba har shekara ta ƙare. Amma ranar da Allah ya yi ikonsa, dukansu za su zo su zauna a falonmu, kuma babu wanda zai iya kallon idona bayan nan ya ce ba ya son aikin Baba na ƙarshe. Mutum saba'in ke ci a kamfanin nan, har da ke. Ban roƙi Allah ya gaggauta komai ba. Likita ne ya faɗi lokaci, ni kuma na tsara aiki a kansa, kamar yadda ake tsara aiki a kan damina.

Ki tabbatar hoton ya fito da kyau a ƙananan kwamfutoci ma.

Naki,
Manajan Darakta


Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa. Na san Manaja ya riga ni kiranki, don haka kin ji labarin a bakin mai nasara. Ga shi a bakin wadda aka kora.

Bayan ya rubuto mini cewa mutuwar Baba yake jira, kuma in shirya mata shafi mai hoto, sai na ga tunda kowa yana da tsarinsa, bari ni ma in yi nawa. Kin tuna Baffa Mai Sito, abokin Baba, wanda ya fara sayen tsohuwar manhajar, mai kawo mana alewa a aljihun da ke warin man inji? Ya daɗe yana damuna da tambayar sabuwar. Na je sitonsa da kaina, na ɗora masa ita a kwamfutoci biyu, ta gaske, ba ta gwaji ba. Na ce ya yi aiki da ita, ya rubuto mini duk abin da bai yi masa ba, amma kada ya gaya wa kowa don ba a sake ta ba tukuna. Niyyata in kai wa Baba ƙorafi ɗaya na gaskiya a cikin tarin na ƙarya. Ko shi bai sani ba, ni zan san ya samu abin da ya roƙa.

Na yi lissafin komai, ban da cewa tsofaffi suna zuwa duba juna.

Ina zaune a gefen gado ina karanta wa Baba sabon zagin akantar, sai ga Baffa da ledar lemo. Ko zama bai yi ba ya fara. Ya ce rubutun ya yi ƙanana, shafin motoci yana jan ƙafa, yaransa sun wuni suna neman inda ake soke kaya, tsohuwar ta fi ta sau goma. Fuskar Baba ta cika da haske, bai taɓa jin daɗin zagi haka ba. Sai Baffa ya ɓare lemo ya ce, "Kuma 'yar nan taka ta ce kada in gaya wa kowa wai ba a sake ta ba. Na ce to ai kai ba kowa ba ne."

Baba ya jingina da matashi. Ya bari Baffa ya gama lemonsa, suka yi hirar hawan jini, ya tafi. Sannan ya miƙo hannu na ba shi takardun ƙorafin, ya jera su a kan bargo ya daidaita gefensu. Ya ce in kira yayana.

Na ɗauka ranar zan ga an yi wa Manaja abin da ya daɗe yana nema. Har na gyara zama. Baba ya ce ya faɗa masa tsarin duka, kada ya rage. Manaja ya faɗa, yana kallon takalminsa, har da shafin hoto. Baba ya rufe ido yana saurare, kamar yadda yake yi in ana karanta masa kwangila. Da ya gama, sai Baba ya ce tsarin yana da kyau. Ya ce gyara biyu ne kawai: kada a yi taron ƙaddamarwa da wuri sosai, za a ce mun yi zalama, kada kuma a bari ya yi nisa, don tausayin ɗan kasuwa ba ya kai wata. Ya ce a canza hoton, na farar rigar ya sa shi kamar mai neman taimako.

Sannan ya juyo kaina.

"Shi ya jira mutuwata, wannan kasuwa ce. Ke kuma kin ɗauki kayan kamfani kin fitar ta ƙofar baya, kin ba mutumin da bakinsa ba ya rufuwa, don kin ji tausayina. Wa ya ce miki tausayi nake nema?"

Na ce shi ya ce yana so ya ga an yi aiki da ita kafin ya tafi. Ya ce mara lafiya yana faɗin abubuwa da yawa, aikin mai lafiya ne ya san wanda zai ɗauka. Ya sa na faɗi lambar sirrin a gabansa, Manaja ya rubuta a tafin hannunsa, ya canza ta tun kafin in isa mota. An aika an goge manhajar daga siton Baffa. An ce in ɗauki hutu. Ofishina yanzu an zuba kwalayen takardun talla a ciki.

Da zan fita daga ɗakin Baba ya kira ni. Na juyo da sauri, ban san me nake tsammani ba. Ya ce akantar nan, ni na ƙirƙire ta? Na ce e. Ya ce ashe na iya ƙarya, da ya sani da tuni ya mayar da ni sashen talla.

Ki gaida maigida. Kada ki yi kuka a gaban injin wanki, ki nemi kujera.

Auta


Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kin samu natsuwa. Ban amsa miki da wuri ba don na so zuciyarki ta sauka tukuna.

Abin da kika yi ba daidai ba ne, kuma tunda Baba da kansa ya yanke hukunci, ni ba ni da ta cewa. Ki je ki ba shi haƙuri, ki ba yayanki haƙuri. Mace ba ta rasa komai don ta sunkuyar da kai.

Alhamdulillahi, Manaja ya gaya mini labari mai daɗi, wai sabon maganin ya karɓe shi, an sallame shi ya koma gida, sai dai ya riƙa zuwa wankin ƙoda. Wai har likita yana cewa in ya kiyaye zai iya kai shekaru. Allah mai iko. Na yi sujada, na raba wa maƙwabta abinci.

Sai dai ni kam an bar ni a tsakiya. Da na kira likitan wancan karon, a kan maganarsa na cike takardar hutu, an sa hannu, har na sayi tikiti na ƙarshen shekara, irin wanda ba a mayarwa. Yanzu ban san ko in zo ko in bari ba. Waɗannan likitoci ya kamata su riƙa auna magana kafin su faɗa, mutane suna tsara rayuwarsu a kai.

Ki rubuto mini yadda jikin nasa yake a zahiri, ba yadda ake faɗa a waya ba.

Yayarki


Zuwa ga Yaya Manaja,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Ba daga Shugabar Sashen Injiniyoyi wannan takarda ta fito ba, tunda babu ita. Daga ƙanwarka ce, wadda ka koya wa keke a bayan gida.

Ba zan yi maka baƙar magana ko ɗaya ba. In ka ga wata ta kuɓuce, ka tsallake ta.

Tun da aka sallamo Baba ni nake wuni da shi, kai sai da yamma kake zuwa, saboda haka akwai abin da ba ka gani. Ranar da na tsallaken titi suka manna sanarwar tasu manhajar, ya sa na karanta masa ita sau biyu. Ranar da kuka ci abinci tare ya tambaye ka yaushe kamfanoni ke rufe kasafin kuɗinsu, ka ce ƙarshen shekara, bayan nan kuma babu mai sayen komai sai wata shekarar. Ya tambayi matarka tsawon lokacin da take buƙata ta shirya ɗakin taro da 'yan jarida, ta faɗa masa, har tana jin daɗi ya damu da aikinta. Kai ka ci gaba da cin abincinka. Ni na ga yatsunsa suna motsi a kan tebur. Na san wannan motsin, da shi yake lissafi tun muna yara.

Washegari direba ya zo kai shi wankin ƙoda, ya ce ya koma, yau ba ya jin fita. Zuwa na biyu ya ce allurar ta ishe shi. Yau ne na uku. Ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga, numfashinsa ana ji daga falo. Likita ya kira ni ya ce in aka ci gaba a haka ba maganar watanni ake ba. Na durƙusa a gaban Baba na roƙe shi. Ya ce in tashi, ina tare masa fanka. Da na matsa masa, sai ya ce, "An tsara abu a kaina, mutum saba'in suna jira. Ban taɓa sa abokin ciniki ya jira kaya ba."

Ka ji. Ba gajiya ya yi ba, rana yake so ya cika maka.

Abu ɗaya ne zai sa ya shiga motar nan: ya ga babu sauran abin da ake jira. Lambar tana hannunka. Ka saki manhajar gobe da safe, ba taro, ba 'yan jarida, ba hoto. In an sake ta, mutuwarsa ba ta da amfani ga kowa, sai ya haƙura ya rayu. Zai yi fushi da kai, na sani. Ka ce ni ce na sace lambar, ka ce na yi maka barazana, ka faɗi duk abin da ka ga dama, zan amsa. Rabona na kamfanin ka riƙe, zan sa hannu a duk inda ka nuna. Zan zauna a ɗakin karɓar ƙorafi in ɗauki waya har ƙarshen rayuwata in kana so.

Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka danna, Yaya.

Ƙanwarka,
Auta


Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, kuma na ji nauyinta.

Na kai wa Baba maganar da kaina, na karanta masa duka. Ya ce a jira.

Ni ban taɓa saɓa wa mahaifina ba, ba kuma zan fara yanzu da yake kwance ba.

Allah ya ba shi lafiya.

Yayanki,
Manajan Darakta